Me ya sa masu zuba jari na waje ke ja da baya?

Ɗan Maigatari:
Salamu alaikum. Ina harkar riɗi. Wani Baturke ya yi niyyar kawo injin tacewa mu haɗa hannu, har fili mun duba, sai ya ce a dakata, wai ƙasar na da haɗari. Riɗi ga shi buhu-buhu, riba a bayyane. Jama'a, me yake tsoro?

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, dala zai kawo, dala kuma yake son mayarwa gida. Kafin Yunin 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460, farkon 2024 ta haura 1,400. Wanda ya shigo da kuɗinsa kafin nan, ko ya ci riba a naira, in ya canza sai ya ga uwar kuɗin ta zaizaye. Fitar da kuɗin ma wani aiki ne. A 2022 Emirates, kamfanin jiragen sama, ta dakatar da zuwa Najeriya saboda kuɗinta sun maƙale. A 2023 GSK, kamfanin magunguna, ta sanar da tattara kayanta daga Najeriya.

Bamaraɗiya:
Malam, a ƙara da siyasa. Mu nan Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, gwamnati ta ƙwace lasisin haƙar yuraniyam na Imouraren daga kamfanin Faransa, Orano, a 2024. Da yawanmu mun goyi baya, ni ma haka. Amma baƙon da ke nesa tambayarsa ɗaya: takardar da na sa wa hannu yau, gobe tana nan?

Ɗan Maigatari:
Na gode ƙwarai. Tunda riɗin waje za a kai a biya da dala, zan sake kiransa ta wannan fuskar.