Rahoton ɗakin gwaji: yaya kuke taimaka wa ƙannenmu?

Mai digiri na biyu, Zahran: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yaranmu 'yan injiniyanci kan kawo mini rahoton gwaji in duba kafin su miƙa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, da zarar lambar da suka samu ta saɓa wa ta littafi sai su gyara ta. Yaro ya yi gwajin fendulum, wato ƙwallo mai lilo a igiya da ake auna ƙarfin jan ƙasa da shi, ya samu 9.5, sai ya rubuta 9.81 ta littafi don gudun rage maki. Ku yaya kuke yi da su?

Injiniyan ruwa, Jidda: Wa alaikumus salam, Malam. Na ga irinta a gwajin lambar Reynolds, wadda ke nuna ko ruwa a bututu zai gudana a natse ko a hargitse. Wani ƙanena ya ɗauko kaurin ruwa (yadda yake da nauyin gudana) daga jadawalin littafi, na ruwa mai zafin digiri 20, wato kusan 1.0 mPa·s. Alhali ruwan daga tankin saman bene yake saukowa, kuma kun san tankin Jidda da rani, in ka sa hannu kamar an ɗora shi a wuta. Na ce ya koma ya tsoma ma'aunin zafi. Ruwan da ya kai digiri 40 kaurinsa ya sauka zuwa kusan 0.65, lambar Reynolds ta ƙaru da fiye da rabi. Shi ya sa yake ganin zaren launin da ake tsiyayawa cikin ruwan yana tarwatsewa a bututu, lissafinsa kuma yana ce masa lambar ba ta kai 2300 ba, wato inda gudun ruwa ke fara hargitsewa. Na sa shi ya bar awonsa yadda yake, ya rubuta wannan dalilin a sashen bayani. Malaminsu ya yaba.

'Yar'uwarku, Riyad: Ni ba na karɓar takardar ma sai yarinya ta faɗa mini da Hausa me ta auna, da me ta auna shi, me ya fito. In ta kasa, ba Turancin ne matsalar ba, gwajin ne bai shige ta ba. Sannan zane marar ma'auni a gefensa, ba na dubawa.

Tsohon ɗalibin Khartum: Yaya, ki ƙara da littafin rubutu. Kafin yaƙin Sudan na Afrilun 2023 ya watsa mu, mun zuba kankare a mazubi don gwada ƙarfinsa, za a fasa wasu a kwana 7, wasu a kwana 28. Wani a rukuninmu bai rubuta ranar zubawa a jikin nasa ba, haka aka yi ta gardama har lokacin miƙawa ya zo. Yanzu duk wanda ya zo wurina sai na ga abin da ya rubuta da biro a ɗakin gwajin.

Mai digiri na biyu, Zahran: Allah ya saka da alheri. Injiniya, ka turo mini jadawalin kaurin ruwan nan, akwai yara biyu da za su shiga wannan gwajin ranar Lahadi.