An sallame ni ta saƙon waya, kuma ana so in sa hannu cewa ni na ajiye aiki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara uku da wata huɗu ina aikin kula da sito a wani kamfani. Ranar Lahadi da daddare manaja ya turo min saƙo ta WhatsApp cewa kada in zo gobe. Ina bin su albashin wata uku. Da na je neman haƙƙina, sai ya tura min wata takarda a kan tebur, ya ɗora biro a kai, ya ce in sa hannu cewa ni na ajiye aiki da kaina, za a ba ni na wata ɗaya. Ban taɓa samun takardar ɗaukar aiki ba. Ina da iyali, wallahi na rasa barci. In sa hannun, ko ina da mafita?

Wani dattijo: Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka sa hannu. Ranar da ka rubuta cewa kai ka tafi, ka ba su hujja a kanka. Ka ce za ka yi shawara, ka fito.

Wata lauya a zauren: Malam, Allah Ya kawo mafita. Rashin takardar ɗaukar aiki laifinsu ne, domin sashe na 7 na dokar ƙwadago ta Najeriya ya wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa. Sashe na 11 kuma ya ce wanda ya yi shekara biyu zuwa biyar sai an ba shi sanarwar mako biyu a rubuce, ko a biya shi kuɗin kwanakin. To kana bin su albashin wata uku da kuɗin sanarwa. Abin da kotu za ta nema shi ne shaidar ka yi musu aiki. Ka je banki ka ciro bayanan asusunka inda albashi ke shiga, ka adana katin shaidar aiki, ka ɗauki hoton saƙon nan tun kafin a goge shi. Idan suna cire maka kuɗin fansho, ka duba ko sun riƙa zubawa. Shari'ar irin wannan ta Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce, tun gyaran tsarin mulki na 2010.

Wani ɗan uwa: Ni dai ina ganin a fara da sulhu. Shari'a tana cin lokaci, ga yara a gida.

Lauyar: Gaskiya ne, amma sulhun ya kasance a rubuce. Ya aika musu wasiƙar neman haƙƙinsa, ya riƙe kwafin da suka buga wa hatimi. In sun yi shiru, ya kai koke ofishin ma'aikatar ƙwadago, za su kira ɓangarorin biyu. In babu kuɗin lauya, akwai hukumar ba da tallafin shari'a ga marasa hali.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Ban sa hannu ba. Gobe da safe zan fara da banki, in sha Allahu.