Aikin bishara a Nijar lokacin kullen korona

Ɗan Zonkwa: Salama 'yan'uwa. Ƙanena zai tafi aikin bishara Maraɗi. Ku da kullen 2020 ya rutsa da ku a Nijar, yaya kuka yi?

Maman Talatu: Mu muna wani ƙauye kusa da Galmi. Da aka rufe masallatai da majami'u a watan Maris, maigida ya riƙa bin 'yan ikilisiya gida-gida a babur, yana addu'a daga bakin zaure. Kuɗi ne suka fi ba mu wuya, iyaka a rufe, tallafi daga gida ya tsaya. Maƙwabtanmu Musulmi ne suka riƙa aiko mana da gero, Allah ya saka musu.

Baba Fasto: Ɗana, ka ce wa ƙanenka ya koyi sana'ar hannu tukuna. Ni wa'azi ta WhatsApp nake turawa, ɗinki kuma ya ciyar da mu har aka buɗe majami'u a watan Mayu.