Kwana biyu a Alkahira, ina zan leƙa?

Maman Sadiƙ: Assalamu alaikum. Zan raka ɗana karatu Azhar, kwana biyu kacal gare ni. Ina zan zaga a tsohon gari?

Ɗan Azhar: Hajiya, ki fara da kasuwar Khan Khalili, tsallaken masallacin Azhar take. Turare, gyale, fitilun tagulla. Amma ki taya rabi! Ni ranar farko wani ya tsuga min kuɗin carbi, na biya ina murmushi. Bayan isha'i ki bi titin Mu'izz, an haske tsoffin masallatan, ki ƙare da shayin na'ana'a a gidan shayi na Fishawi.

Bazazzagiya: Yaya, kar ki dawo ba ki ci koshari ba. Shinkafa, taliya, waken adas, soyayyar albasa a sama. Yajinsu sai a hankali.

Ɗan Azhar: Af, na manta lambun Azhar. Ki je dab da magariba, sai dai ana biyan kuɗin shiga.