Goɗiyarmu za ta baye: ingarman Ohayo ko na Fensilbeniya?

Na Kolumbus: Salamu alaikum 'yan zaure. Goɗiyar nan da muka haɗa kuɗi mu uku muka saya ta ajiye tseren dawakai masu jan keke, shekararta 9, mai tafiyar raƙumi ce, wato ƙafafun gefe ɗaya take ɗagawa tare. Muna so a yi mata baye da zarar an buɗe lokacin baye a tsakiyar Fabrairu. Abokan haɗina sun rabu biyu: ɗaya ya ce mu tsaya kan ingarman jiharmu Ohayo a nan Amurka, ɗayan ya ce a aiko mana da iri daga Fensilbeniya tunda manyan suna can. Me kuka gani?

Ɗan Barga: Wa alaikumus salam. Ingarma Downbytheseaside mana, ga shi nan kusa da ku a garin Delaware na Ohayo.

Autan Zaure: In da kuɗi a aljihu, Captaintreacherous na gonar Hanover a Fensilbeniya. An gama magana.

Baba na Indiyana: Ba a gama ba, Auta. Ɗana na Kolumbus, kafin ka dubi sunan kowane ingarma, ka dubi jihar da aka yi masa rajista a shekarar da goɗiyarka za ta ɗauki ciki. Ni da kuɗina na koyi wannan.

Shekarun baya na sayi goɗiya mai sassarfa. Wani dillali ya yi ta yaba min wani ingarma a Fensilbeniya, ya ce tunda a gonata dukushin zai faɗo ƙasa, ɗan Indiyana ne, zai shiga gasar 'ya'yan ingarmun jiha a filin tsere na Hoosier Park. Ban tambayi kowa ba, na sa hannu. Aka turo iri a akwatin sanyi, likita ya sa mata, karo na biyu ta ɗauka. Wata 11 ina kula da ita kamar ƙwai a cokali. Ta haifi dukushi lafiyayye, na ciyar da shi shekara guda cur. Sai da na je cike takardar gasa aka ce min babu shi a ciki, don ba inda aka haife shi ake dubawa ba, inda ubansa ya tsaya baye ake dubawa. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba. Filin da ke bayan gidana ya gagare ni, sai dai in ɗora shi a mota kusan awa biyar zuwa filin The Meadows a Fensilbeniya, ga kuɗin mai, ga masauki, ga mai horo na can da ban sani ba. Can kuma zai kara da 'ya'yan manyan goɗiyoyin da suka fi uwarsa nesa ba kusa ba. Da na kai shi gwanjo, masu sayen Indiyana ba su ko ɗaga hannu ba, na Fensilbeniya kuma uwar ba ta cika musu ido ba. Na sayar da shi ƙasa da abin da na kashe. Dillalin har yau in na kira ba ya ɗauka.

Hajiya ta Ontariyo: Allah ya mayar da alheri, Baba.

Ɗan Barga: Amin. To ai shi ya sa na ce Ohayo. Filaye huɗu ne: Scioto, Northfield, Miami Valley da Dayton. In dukushin bai kai na babbar gasa ba, akwai ta Buckeye a ƙasanta, ga tseren bajekolin ƙananan hukumomi duk bazara. Ba zai zauna a turke yana cin banza ba.

Hajiya ta Ontariyo: Tsaya tukuna. Ƙanena, wane ne uban goɗiyar?

Na Kolumbus: Somebeachsomewhere ne, Yaya. Ita dai ba ta yi wani abin kirki a fili ba, shi ya sa muka same ta da sauƙi.

Hajiya ta Ontariyo: To duka biyun da aka ambata 'yan ubanta ne. Downbytheseaside da Captaintreacherous duk 'ya'yan Somebeachsomewhere ne. Jini ya yi kusa ƙwarai, ku fita daga gidan nan gaba ɗaya. Ku nemi jinin Bettor's Delight ko wani dangin daban. Kuma shi kansa Bettor's Delight misali ne na abin da Baba ya faɗa: ya tsaya a Niyok, ya tsaya a Fensilbeniya, ya tsaya nan Ontariyo, kowane ɗa nasa da jihar shekarar da aka yi cikinsa. Kada ku dogara da tallar bara, ku nemi jerin bana daga hukumar jiha.

Autan Zaure: Na janye, Hajiya. Ban tambayi uba ba.

Ɗan Barga: Fear The Dragon fa? Ɗan Dragon Again ne, shi ya ci Kofin Arewacin Amurka a 2017, kuma a Ohayo aka ajiye shi.

Malam: Ni tambayata daban ce. Kuɗin da ake rabawa a gasar nan, ba daga injinan caca suke fitowa ba? Fensilbeniya tun dokar 2004 da su take cika tukunyar. Yaya matsayin wanda ya ci?

Autan Zaure: Malam, mu kiwo muke yi mu sayar, ba ma yankar tikitin caca.

Malam: Farashin da za ka sayar ai saboda tukunyar nan ya hau. Ban yanke hukunci ba, amma abin yana damuna, kuma ya kamata a kai wa masana.

Hajiya ta Ontariyo: Ko ba batun halas, dogaro da kuɗin nan haɗari ne. Gwamnatinmu ta sanar a 2012 za ta janye shirin injinan daga filayen tsere, kafin a yi gwanjon kakar nan farashin dukusai ya zube, ingarmu suka yi ta ƙaura zuwa Amurka. Maƙwabtana biyu sun rufe barga. Daga baye zuwa tseren farko shekara uku ne, doka tana iya juyawa a tsakani.

Direban Lexington: Ba wanda ya ambaci Kentaki. In goɗiya ta zauna can kwana 180 a shekarar da ta ɗauki ciki, ɗanta yana shiga gasar Kentaki ko da uban na wata jiha ne. Ka ga ya samu ƙofa biyu kenan, ta Ohayo da ta filin Red Mile na Kentaki.

Baba na Indiyana: Wata shida na kuɗin barga a gonar wani ba wasa ba ne. Ku buga lissafi tukuna. Kuma a takardar baye ku tabbata an rubuta cewa ba a biya sai dukushi ya miƙe ya sha nono.

Ɗan Barga: Ku kuma hanzarta. Goɗiya 140 kawai ake yarje wa ingarma a shekara, masu farin jini littafinsu yana cika tun kafin sabuwar shekara.

Autan Zaure: Hajiya, Bulldog Hanover ɗinku fa, ingarman da ya yi mil ɗaya cikin minti 1 da daƙiƙa 45 da kashi huɗu cikin biyar a filin Meadowlands a 2022?

Hajiya ta Ontariyo: Ɗansa ɗan Ontariyo ne, sai su riƙa tsallaka iyaka zuwa filin Mohawk na Ontariyo da takardun likita kowane zuwa.

Direban Lexington: Af, wa ke da lambar mai gyaran kofato a wajen Dayton? Nawa ya yi tafiya.

Na Kolumbus: Zan tura maka ta gefe. Baba, gonar Kentakin nan, ana ƙirga kwanakin daga ranar da ta sauka ne ko daga ranar baye?