Na gama ginin gidan haya, in ba ɗan'uwa ko in nemi bare?

Sabon_Maigida:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu gidajen haya ku ba ni shawara. Na kammala wani ɗan gida mai sassa biyu, kowanne ɗaki biyu da falo da kicin, fenti kawai ya rage. To ɗan yayata ya zo wai yana son sashe ɗaya zai riƙa biya kaɗan-kaɗan, ɗayan kuma wani dillali ya ce yana da mutum a hannu. Ni ban taɓa wannan harkar ba, kuma da kuɗin hayar nake son in fara wani ginin. Ya kuke gani?

Dattijo:
Wa alaikumussalam, Allah ya sanya albarka. Ɗana, maganar ɗan yayarka ita ce babba. Ranar shiga ba a samun matsala, sai ranar da haya ta ƙare ka je tambaya, kafin ka dawo gida Yaya ta kira ka tana cewa yanzu ɗan naka za ka kora? Zo mu zauna zo mu saɓa kenan. In taimako za ka yi masa to ka ƙudurta taimako ne, ka cire sashen daga lissafinka gaba ɗaya ka huta. In kuwa haya ce a yi takarda kamar kowa, nawa ne kuɗin, yaushe ya fara yaushe zai ƙare, wa ke gyaran fanfo da soket wa ke gyaran rufi da sokawe, notis na wata nawa, ku sa hannu da shaidu kowa ya riƙe kofi. Duk abin da ya biya ka yanka masa rasit ko da ta banki ya turo. Wanda ya ji haushin takarda tun yanzu dama ba biya zai yi ba.

Hajiya_Mai_Lissafi:
Ni inda na tsaya shi ne wai da kuɗin haya za ka fara wani ginin. Malam ɗauko kalkuleta. Raba hayar shekara da abin da ka kashe har da kuɗin fili, in ya ba ka kashi 5 cikin 100 to shekara 20 kenan kafin uwar kuɗinka ta dawo, kuma wannan in ba ka taɓa gyara komai ba. Wata ɗaya kacal gida ya zauna ba kowa ka yi asarar sama da kashi 8 cikin 100 na hayar shekarar, ga ladan dillali ga haraji ga fenti duk sanda wani ya tashi. Ni dai da haya ta shigo nake ware kason gyara a wani asusu daban ban taɓa shi, domin yoyo ba ya jira ka samu kuɗi, ɗan tabon da ka gani a silin yau in ka bar shi damina ɗaya sai katako ya ruɓe silin ɗin ya rufto kan kayan mutane.

Injiniya_Wayarin:
Gsky Hajiya ta faɗi gaskiya. Ƙari na, kowane sashe mitarsa daban tun kafin kowa ya shiga, mita ɗaya ga gida biyu rigima ce kullum, wannan ya ce ai wancan ne mai firiza da hita. Ka ɗauki bidiyon ko'ina ranar ba da makulli ka tura wa ɗan hayar a WhatsApp. Mutumin dillali kuma ka gan shi ido da ido, ka san sana'arsa, ka tambayi maigidan da ya baro me ya tashe shi, shi dillali ladansa kawai yake hange.

Sabon_Maigida:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba Dattijo, to in duk da takardar mutum ya ƙi biya kuma ya ƙi tashi fa? Wani ya ce min kawai in canza kwaɗo ko in yanke masa wuta.

Dattijo:
Kul! Kar ka soma. A ƙasashe da yawa wannan laifi ne, kai mai gaskiya sai ka koma wanda ake ƙara har ka biya shi diyya. Ka ba shi notis a rubuce gwargwadon dokar inda kake, ka ajiye shaidar ya karɓa, in wa'adi ya cika bai fita ba sai kotu. Kuma tun yanzu ka kai wa lauya takardar yarjejeniyar ya duba maka ita kafin kowa ya sa hannu.