Na'urar faifan mota ta ƙi aiki: wace lamba ta fito muku, me kuka tarar?

Direban gida, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Camry 2009 nake ja. Tun da zafi ya kama, da safe na'urar faifai takan yi aiki lafiya, bayan azahar kuma sai ta rubuta WAIT ta yi tsit. Faifan tafsirin da na taho da su daga Kano su ne abokan hirata idan ina jiran yara a ƙofar makaranta, shi ya sa abin ya dame ni. Na kai wa wani kahraba'i, wato mai gyaran wutar mota, ya jona 'yar na'urarsa a ƙasan sitiyari, ya ce babu lambar da ke nuna matsala ko ɗaya, in je in sayi wani rediyo. Raina bai kwanta ba. Duk wanda ya taɓa cin karo da irin wannan ya taimaka mana.

Kahraba'i, Sina'iyya, Riyad:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sayi komai tukuna. 'Yan ƙananan na'urorin nan masu arha galibi lambobin inji kawai suke gani, masu farawa da P. Masu B na jikin mota ne, masu U kuma na sadarwa tsakanin kwamfutocin mota, su sai babbar na'ura. Rediyon Toyota na shekarun nan kuwa shi yake riƙe da lambobinsa da kansa. Murɗa makulli zuwa ACC, danne maɓallin 1 da na 6 tare, ka latsa DISC sau uku, zai shiga yanayin bincike. Lambar da ta fara da 62 ta mai ɗaukar faifai ɗaya ce, 63 ta mai ɗaukar da yawa. Abin da ya biyo baya shi ne ciwon: 47 zafi ya yi yawa, 42 faifai ba ya karantuwa, 11 shiga ko fitar faifai, 10 ƙarafunan ciki. Rubuta ta a takarda kafin ka goge. Ni dai alamar da ka faɗa ta fi kama min da 47.

Dattijo, Jarwal, Makka:
Tawa 62-42 ta nuna, na ɗauka na'urar ce ta mutu. Ɗana ya ce, Baba mu gwada faifan kamfani mai tsabta. Muna sakawa ya kama karatu. Ashe waɗanda aka ɗora min a shago ne rana ta lalata, don a kan dashbod nake barin su. Ko halala, wato kwabon Saudiyya, ban kashe ba.

Mai jigila tsakanin Madina da Yanbu:
Baba ka yi sa'a. Ni ma 42 ɗin ce, amma kowane faifai na saka, sabo da tsoho, sai ta juya shi ta juya ta tofo shi. Da aka kwance, ƙura ce ta lulluɓe idon da ke karantawa. Laifina ne, gilashi a buɗe nake tafiya don tsimin mai. Aka goge idon da auduga da ɗan sifirit, a hankali ƙwarai saboda ba ya son a danne shi. Ta dawo, sai dai har yau takan tsallake idan na shiga gargada. Mai gyaran ya gaya min gaskiya, ya ce idon ya fara gajiya, gogewa ba ta mai da shi sabo.

Maman yara, Dammam:
Ni 63-11 ce, faifai shida suka maƙale ciki. Na yi ta latsa maɓallin fitarwa, tana ƙara ƙas-ƙas, babu abin da ya fito. Kwabon riyal ɗaya aka ciro daga ciki, autana ne ya tura. Aka kuma sami faifai guda da takardar da aka manna masa ta ɓare saboda zafi ta naɗe a ƙarafuna. Don Allah kada kowa ya zura wuƙa ko kati don ya zaro faifai. Maƙwabcinmu ya yi haka, ƙaramin gyara ya koma sai da ya nemo wata a tashlih, inda ake kwance matattun motoci a sayar da kayansu.

Kahraba'i, Sina'iyya, Riyad:
Gaskiyarki, Hajiya. Ƙari ɗaya: waɗannan lambobi na Toyota da Lexus ne, wanda ke da wata mota kada ya ɗora su a kan tasa. Ko a lambobin B, idan 1 ce ta biyo bayan harafin, kowane kamfani da tasa ma'anar.

Direban gida, Jidda:
Allah ya saka muku da alheri. Na bi yadda Malam ya faɗa, 62-47 ce ta fito. Na goge ta, na sayi abin tare rana na gilashin gaba, na koma tsayawa ƙarƙashin rumfa a bayan makarantar. In na shiga kuma sai na bar AC ya sanyaya motar kafin in saka faifai. Yau kwana tara ba ta rubuta WAIT ba, kuma jiya da na sake dubawa lambar ba ta dawo ba.